Kafin Ku Ɗauki Igiyar Awo Ku Shiga Daji: Abin Yi da Abin Bari

Duk shekara ana rubuta kundayen digiri masu yawa a Najeriya da Nijar a kan tsirrai da wutar daji da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Da yawansu, da ka karanta babin farko ka san na ƙarshe: hamada na tahowa, manomi da makiyayi ne suka jawo ta, magani shi ne a dasa itatuwa. An yanke hukunci tun ba a sa ƙafa a daji ba. Da abin zai tsaya a kan kantar ɗakin karatu da da sauƙi, amma irin waɗannan rubuce-rubuce ne ke komawa doka, a hana mutum gonarsa, a ci Bafulatani tara, a zuba kuɗin jama'a a dashen da ba zai ga damina biyu ba. Don haka ɗalibai, maza da mata, da duk mai shirin wannan aiki, ga abin da za ku kiyaye.

Kada ku shiga daji da amsa a aljihu. A 1934 wani Baturen Ingila masanin gandun daji, E. P. Stebbing, ya ratsa arewacin Najeriya da kudancin Nijar da rani, ya ga yashi da busassun itatuwa, ya koma ya shelanta cewa Sahara na cinye ƙasar. Maganar ta tayar da hankalin mahukunta har Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti, ya bi iyakar Najeriya da Nijar daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Kwamitin ya ga wuraren da suka lalace nan da can, amma bai ga wata hamada da ke tafiya gaba ɗaya tana binne ƙasa ba. Shekara kusan 90 ke nan, har yau maganar Stebbing ake kwafa, rahoton kwamitin kuwa kaɗan ne suka san da shi. Duk jimlar da kuka ga kowa na maimaitawa, ta "hamada na cin mita kaza duk shekara", ku bi ta har inda aka fara auna ta. In ba ku samu wanda ya auna ba, da inda ya auna, da shekarar da ya auna, kada ta shiga kundinku.

Ku nemi jiya kafin ku yi magana a kan yau. Wanda ya ga wuri sau ɗaya ba shi da bakin cewa ya lalace ko ya gyaru. A yankin Kisidugu na ƙasar Gini, shekara da shekaru jami'ai na kallon kurmin da ke kewaye da kowane ƙauye a matsayin ragowar wani babban kurmi da mutane suka cinye. Sai wasu masu bincike, James Fairhead da Melissa Leach, suka ɗauko hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1952, suka gwada da na baya-bayan nan, suka zauna da dattawa. Abin da suka wallafa a 1996 shi ne akasin abin da aka daɗe ana faɗa: mutanen ƙauyukan ne suka reni kurmin da hannunsu a cikin fili mai ciyawa, kuma a wurare da yawa ƙaruwa yake yi. An shafe zamani ana hukunta mutane a kan abin da ya kamata a gode musu. Ku je ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, ku buɗe rahotannin jami'an gandun daji, ku nemi tsoffin taswirori da hotunan sama. Ku zauna da tsohuwar da ta yi shekara sittin tana tsintar kaɗanya a wurin, ta nuna muku inda daji ya tsaya lokacin da aka kawo ta gidan miji.

Kada ku ɗauki dajinmu a matsayin kurmin da ya lalace. Wannan ne babban kuskuren da sauran ke fitowa daga cikinsa. Daji mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi halitta ce mai zaman kanta, ta girmi noma, ta girmi kiwo, tana da tsirranta da dabbobinta waɗanda ba sa rayuwa a inuwa. Wani bincike da aka wallafa a 2005, wanda ya haɗa wurare 854 a Afirka, ya nuna cewa inda ruwan sama bai kai milimita 650 a shekara ba, ƙarancin ruwan ne ke iyakance yawan itatuwa. Inda ya haura haka, wuta da dabbobi masu kiwo ne ke hana itatuwa rufe sama. A Santa Barbara ta ƙasar Birazil an hana wuta shiga wani yanki na dajin Serado kimanin shekara 30. Itatuwa sun cika wurin, wanda ya gani daga nesa zai ce an yi nasara. Da aka ƙirga, an rasa kashi 27 cikin 100 na nau'o'in tsirrai da kashi 35 na nau'o'in tururuwa. Saboda haka idan kun yanka filin gwaji, ku ƙirga ciyawa kamar yadda kuke ƙirga itace. Gamba da kyasuwa da tofa da karangiya kowacce da labarin da take bayarwa a kan ƙasar da ta fito. Kundin da ya lissafa itatuwa ya rubuta "da ciyayi" a ƙarshe, rabin aiki ne.

Kada ku rubuta "an ƙone daji" ku tsaya. Wace wuta? A wane wata? Da wane lokaci na yini? Wutar Nuwamba, da ciyawa ke da sauran lema, daban take da wutar Maris, da komai ya bushe ƙamas iska na kaɗawa. An daɗe da tabbatar da haka a yankinmu. A Olokemeji, kudu maso yammacin Najeriya, an fara gwajin ƙuna a 1929. A Kokondekro kusa da Buwake a Kwaddibuwa, wani mai bincike, André Aubréville, ya fara nasa a 1936. Tsarin ɗaya ne: fili guda a hana shi wuta, guda a ƙone shi da farkon rani, guda da ƙarshen rani. Wanda aka hana wuta ya koma kurmi. Na ƙarshen rani ya zama ciyawa da tsirarun itatuwa masu kaurin ɓawo. Na farkon rani ya riƙe itatuwansa da yawa. Gandun Kruger na Afirka ta Kudu na gudanar da irin wannan gwaji tun 1954.

Ku je wurin washegarin wutar, ku durƙusa ku duba. In toka baƙa ce, da guntayen kara da ba su cinye ba, ganyen kaɗanya na sama na nan kore, kuma wutar ta tsallake wasu wurare ta bar tsibiran ciyawa, to mai sanyi ce. In toka fara ce fat, ƙasa ta fito tsirara, baƙin hayaƙi ya hau jikin marke ya wuce tsayin mutum, ƙananan itatuwa sun ƙone har gindi, wannan ta ƙarshen rani ce. Ku auna tsayin baƙin a jikin itace, ku rubuta. Ku dawo bayan mako uku ku ga tushen gamba na fitar da toho, ku ga shanun wa ke kai. Ku sake dawowa da damina ku ƙirga itatuwan da kuka ɗauka sun mutu, ku ga nawa suka tsiro daga gindi.

Ku tambayi wanda ya kunna, ku saurare shi. Makiyayi na sa wuta don toho. Mai kaɗanya da ɗorawa na ƙone ciyawar gindin itatuwansa da wuri don ta bazara kada ta same su. Ƙauye na ƙone kewayensa don kare rumbuna da shingaye. Mafarauci na korar gafiya da zomo, mai zuma na neman saƙa, wani kuma sakaci ne kawai ko mugunta. Waɗannan ba abu ɗaya ba ne, kada ku zuba su a jaka ɗaya ku rubuta "jahilci". Wani mai bincike, Paul Laris, ya nuna a kudancin Mali cewa mutane na bin daji da wuta kaɗan-kaɗan tun daga ƙarshen damina, suna fara wa wurin da ya riga bushewa, ta yadda in bazara ta zo babbar wuta ba ta samun doguwar hanya. Inda aka hana wutar farko da ƙarfin doka, ciyawa ta taru, ta ƙarshe ta zo ta yi ɓarnar da ake gudu. A arewacin Ostireliya sai da hukuma ta koma ta nemi 'yan asalin ƙasar su dawo da ƙunarsu ta farkon rani, aka kafa shiri na musamman a yankin Arnhem a 2006.

Amma kada ku ɗauki darasin kudu ku kai shi arewa. A dajin doka da maje, inda gamba ke wuce kan mutum, wutar farko kariya ce. A makiyayar arewacin Tawa ko Dakwaro, ciyawar 'yar shekara ɗaya ce, ba ta da tushen da zai yi toho, busasshiyar nan ita ce abincin dabba har ruwa ya sauka. Wuta a can asara ce tsantsa, shi ya sa ake share dogayen hanyoyi na tare wuta bayan damina. Mai binciken da ya karanta sakamakon Kokondekro ya je Abalak yana wa'azin ƙuna, ya cuci mutane.

Kada ku yarda da hoton tauraron ɗan'adam sai kun taka wurin. Taswirar ƙuna da aka fi amfani da ita ta MODIS, kowane ɗigo a cikinta mita 500 ne ta kowane gefe. Wutar manomi da ta makiyayi ƙanana ne, suna ɓuya a ciki. Da aka sake lissafin 2016 da hotunan Sentinel-2 masu ɗigon mita 20, filin da ya ƙone a Afirka kudu da Sahara ya haura lissafin farko da kimanin kashi 80 cikin 100. Haka batun itatuwa: tsoffin taswirori na nuna arewacin yankinmu wayam, sai a 2020 aka ƙirga itatuwa sama da biliyan 1.8 ɗaya bayan ɗaya a wani yanki na yammacin Sahara da Sahel mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.3. Kuma kore a hoto ba ya faɗin ko gawo ne, ko kachalla ce ta toshe kogi.

Ku auna rijiya da asuba, kafin guga na farko ya faɗa. Rijiyar da aka yini ana ja ruwanta ya ja baya, abin da za ku auna da la'asar bai nuna matsayin ruwan ƙasa ba. Ku sa alamar fenti a bakin rijiyar, kullum daga nan za ku saki igiyar awo. Ku rubuta tsayin bakin daga ƙasa, domin in baɗi aka ƙara masa layin bulo biyu, takardarku za ta ce ruwa ya sauka alhali bai motsa ba. Rijiya ɗaya ba ta isa ba, awo ɗaya a shekara bai isa ba: ko ba komai ku samu na ƙarshen bazara da na ƙarshen damina. Ku nemi mahaƙin rijiyar garin ku ba shi girmansa. Zai gaya muku a gaba nawa ya bar yashi ya shiga laka, a gaba nawa ya fasa marmara, a ina ruwa ya fara tsattsafowa, wace unguwa ce ruwanta ke da gishiri. Ku auna gabar tasa da tef kafin ku mayar da ita mita. Kada kuma ku haɗa awon rijiyar hannu da na burtsatse a jadawali ɗaya, don sau da yawa ba ruwa ɗaya suke sha ba. A Barno ruwan da ke can ƙasa sosai, wanda a dā in an huda yake tasowa da kansa, ya taru ne dubban shekaru da suka wuce, daminar bana ba ta mayar da abin da aka ɗiba.

Kada ku rubuta cewa itace na kawo ruwa, kada kuma ku rubuta cewa yana shanye shi, sai kun auna a wurinku. A nan ne na fi ganin ana sakin baki. A kewayen Yamai, ruwan rijiyoyi ya tashi da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, cikin shekarun da suka haɗa da farin 1973 da na 1984. Ruwan sama ya ragu, na ƙasa ya ƙaru. Ruwa ba ya tsami banza: an share daji an shuka gero, saman ƙasa ya taurare, ruwan da a dā itatuwa da ciyayi ke riƙewa su sha ya koma gudu ta kwazazzabai yana taruwa a tafkuna, daga gindin tafkunan yake nitsewa. Wanda ya tsaya nan zai ce sare daji alheri ne. To ƙasar noma ta tafi da ruwan, kwazazzabai sun cinye gonaki, sinadarin naitiret ya ƙaru a ruwan sha. A Sapone ta Burkina Faso kuma, cikin gonaki masu kaɗanya, wani bincike na 2016 ya gano cewa ruwa ya fi isa ƙasa inda itatuwa ke tsaka-tsaki. Saiwoyi da ramukan gara na buɗe wa ruwa hanya a kewayen itace. In babu itace ƙasa ta toshe, in sun yi cunkoso su shanye abin da ya shiga. Afirka ta Kudu ta fara auna wannan a Jonkershoek tun 1935, ta ga yadda dashen itatuwan waje irin su turare ke rage ruwan rafuka, har a 1995 ta kafa shiri na tumɓuke baƙin itatuwan da suka bazu. Kafin ku ba da shawarar a cika fadama da turare, ku faɗa mana lita nawa zai sha, kuma rijiyar wa za ta biya.

Ku ɗaga kai ku dubi inda ruwan ya fito. Ba za ku fahimci rijiya a Gashuwa ba in ba ku san abin da aka yi a Kano ba. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Ambaliyar da ke shimfiɗuwa a fadamun Haɗeja da Nguru duk shekara, wadda ke ciyar da shinkafa da kifi da shanu kuma take cika ruwan ƙasa, ta ragu. Ruwan da ake saki har da rani ya ba kachalla abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwa ruwa ya yi musu yawa, na ƙasa da su suka rasa. Duk wanda ya auna tsirran wannan fadama bai ambaci madatsun nan ba, bai san abin da yake aunawa ba.

Ku tona. Rabin daji a ƙarƙashin ƙasa yake. Ku samu sabara ko kalgo a gonar da ake sassabe duk shekara, 'yan rassa sirara da ba su kai gwiwa ba. Ku sa fartanya ku buɗe gindin. Za ku tarar da kututture mai kauri, baƙi, da tabon sara na shekaru, da saiwa ta miƙe ƙasa har ku gaji ba ku ga ƙarshenta ba. Tsohon itace ne da aka hana tashi. A kan wannan manoman Maraɗi da Damagaram suka gina sassaben zamani tun daga shekarun 1980: a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a cire sauran. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, ba da gandun reno ba, ba da tankar ban-ruwa ba. Ku dubi gawo kuma, da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani: saiwarsa na kaiwa ga ruwan ƙasa, kuma wanda bai san zurfin ruwan wurin ba ba zai iya bayanin dalilin da gawo ya cika wannan kwari ya ƙi wancan tudu ba.

Kada ku ga fako ku ce mataccen wuri ne. A kan tuddan marmara na gabashin Yamai daji na tsirowa layi-layi, tsakanin kowane layi da fili tsirara. Filin nan shi ke tara ruwan sama ya gangara wa layin da ke ƙasa da shi. Ku cika shi da dashe, ku kashe layin da ke raye.

Kada ku ƙirƙiri lamba. Ranar da ba ku je ba, ku bar gurbin a buɗe ku rubuta dalili. Itacen da ba ku gane ba, ku ɗebo ganye da fure da 'ya'ya, ku matse a takarda, ku rubuta sunan da mutanen wurin ke kiransa, ku kai ma'ajiyar tsirrai a tantance, akwai babba a Ibadan. Kada ku gina hukunci a kan damina ɗaya. Ruwan Sahel na bana ba ya kama da na bara. In damina ɗaya lokaci ya ba ku, ku faɗi haka a fili, ku bar alamar filinku da lambobin GPS don wani ya ɗora.

Kada ku kunna wutar gwaji sai da izinin mai gari da jami'in gandun daji, sai kun share hanya kewaye da filin, sai da safe ko da yamma lokacin da iska ta kwanta, da mutane riƙe da ɗanyen ganye a kowane gefe. Rumbu ɗaya ya kama, babu digirin da zai biya shi.

Kada ku tura ɗan wani inda ba za ku je da kanku ba. Kowa ya san halin rashin tsaron da dazuzzukan Rugu da Kamuku da Sambisa suke ciki. In wuri ba ya shiguwa, ku canza wuri, ku rubuta dalilin.

Ku shiga gari ta ƙofa, ku fita ta ƙofa. Ku gai da dagaci da Sarkin Noma, ku je ruga ku gai da Ardo, ku nemi matan da ke ɗebo ruwa da itace, domin su suka fi kowa sanin abin da ya ragu. Ku faɗa musu gaskiyar abin da ya kawo ku, kada ku bar su da zaton rijiya za ku haƙa musu. Abin da mutum ya faɗa muku a kan wutar da ya kunna amana ce, kada sunansa ya fito a inda za a kama shi. Ku biya ɗan rakiyar da ya yini yana gaya muku sunayen itatuwa, ku sa shi cikin godiya in ya yarda. Da kun gama, ku koma garin da sakamakon cikin harshen da suke ji, ku zauna a ƙofar fada ku faɗa, ku bar su su gyara muku inda kuka kauce.

Ku kuma malamai masu duba kundi, nauyin a wuyanku yake. Ɗalibin da ya kawo muku aiki a kan wutar daji babu watan da aka kunna ta, ko a kan rijiya babu sa'ar da aka auna ta, ko ya ce wuri ya lalace bai nuna yadda yake a dā ba, kada ku sa masa hannu. Ku mayar da shi daji.